Gil-su da Hannun Madam Ok

Pyo Gil-su bai taɓa cewa yana son aikin talla ba, ban kuma taɓa jin ya ce ya tsane shi ba. Ni ne mai haɗa masa fitilu tun kanmu bai fara furfura ba. Shi yana bayan kamara, ni ina kan tsani, haka muka tsufa.

Ɗan garin Mokpo ne, uwarsa busasshen kifi take sayarwa a kasuwar bakin teku. Ya zo Seoul da niyyar yin fim. Shi da abokansa sun yi gajerun finafinai biyu, har aka nuna ɗaya a wani ƙaramin biki, aka tafa musu. Sai matarsa ta haifi tagwaye. A makon ne wani ya ce masa ana neman mai kamara a tallar taliya, aikin yini biyu kawai. Ya tafi, kuma yini biyun nan har yau bai ƙare ba.

Abin da aka san shi da shi shi ne ɗaukar abu kusa da kusa: tururin shinkafa, ɗigon miya a bakin cokali, man shafawa a bayan hannu. Wurin aikinmu wani tsohon sito ne a Paju, babu taga ko ɗaya. Mu shiga da sassafe, sai mun fito mun ga ƙasa a jiƙe mu san an yi ruwa. Kamara ta danne masa kafaɗar dama har ta sauka ta bar ta hagu a sama. Telan da ya ɗinka masa kwat don bikin 'yarsa ya yi ta cewa ya miƙe tsaye sosai, shi kuwa a miƙe yake.

A sitonmu akwai wata mata da muke kira Madam Ok. Sunanta Ok Hye-suk, sana'arta kuma hannunta. In ka ga talla, kyakkyawar 'yar wasa tana murmushi, sai aka nuno hannu yana buɗe tukunya ko yana shafa mai, to sau da yawa hannun ba na 'yar wasan ba ne, na Madam Ok ne. Rani da damina tana cikin safar hannu. Ba ta wanke kwano, ba ta yanka albasa, ba ta buɗe ƙofar mota da kanta. Mijinta direban bas ne, shi ke yin wanke-wanke, ya ce a unguwarsu dariya ake masa amma ya saba. Gil-su ya san kowace jijiya a hannun nan, ya san wane yatsa ne ke rawa in ta gaji, ya san ta inda haske zai zo fatar ta yi sumul.

In ta shigo da safe sai ta ce wa Gil-su, wanda take kira Darakta, "Darakta Pyo, yau ma ba a aske gemun ba?"

Ya ce, "Madam, ai ba ni ake ɗauka ba."

"Ni ma ba fuskata ake ɗauka ba, amma na wanke ta."

Iyakar hirarsu ke nan, kullum kuma sai sun yi ta.

Ranar da nake son ba da labari, tallar tukunyar dafa shinkafa ta lantarki muke yi. Aikin Madam Ok bai da yawa: ta ɗaga murfi, tururi ya tashi, ta sa cokalin katako ta ɗebo shinkafa. Abin da ta yi shekara da shekaru tana yi ne. Daraktan tallar, Tak, yana zaune gaban allon kallo, kusa da shi wakiliyar kamfanin tukunyar, Manaja Seo, mura ta kama ta tana ta jan hanci. Aka ɗauka sau ɗaya, aka sake. Sai Manaja Seo ta matso da fuskarta jikin allo ta ce wa Tak, a hankali, amma kowa ya ji, "Hannun nan kamar ya tsufa, ko idona ne?"

Tak bai dubi Madam Ok ba. Ya ce, "Yaya Gil-su, a ɗan gyara hasken."

Muka gyara. Gil-su ya sa na ja babbar fitila baya, na rataya farin ƙyalle a gabanta. Aka ɗauka. Manaja Seo ta ɗauki hoton allo da wayarta ta aika wa shugabanta a ofis, muka tsaya jira. Amsa ta zo cewa jijiyoyi sun fito. Gil-su ya canza gilashin kamara, ya durƙusa ya ɗauko daga ƙasa. Madam Ok ta ɗaga hannuwanta sama ta riƙe su a haka don jini ya sauka, kamar wadda aka tare a hanya, sannan ta sauke aka ɗauka da sauri. Shinkafa ta huce aka kawo wata, ita ma ta huce. Aka ce yanzu jijiya ta ɓace amma gaɓoɓin yatsu sun yi tamoji. Muka ci abincin rana a tsaye, shinkafa da kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, a kwali, ita ba ta ci ba don kada wani abu ya taɓa mata farce.

Wajen la'asar Gil-su ya sauke kamara ya ce wa Tak, "Wannan ɗaukar ta ƙarshe ba ta da aibu."

Tak ya ce, "Na sani, Yaya. Ni ma in ni ne mai tukunyar da tuni muna gida." Ya murza idonsa. "Sun ce gobe za a turo wata. Ka gaya mata mana, kai kuka saba."

"Ni ne na ɗauke ta aiki?"

"Yaya, don Allah. Ni ban iya irin wannan maganar ba."

Manaja Seo ta tashi ta shiga banɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Madam Ok tana zaune a kan akwatin kaya a bakin ƙofar sito, inda motoci ke sauke mana kayan aiki. Ina naɗe waya a kusa, shi ya sa na ji komai. Gil-su ya je ya tsaya yana susar wuya.

Ta ce, "Zauna, Darakta. Tsayuwar nan taka a karkace ciwon kai take sa ni."

Ya zauna.

Ta ce, "Kai suka aiko? Ba su kyauta maka ba. Ai tun safe na ji abin da Manaja Seo ta ce."

Ya ce, "Hannun lafiya lau yake, Madam. Ni na gan shi a kamara."

"Ka bar wannan. Tun bara nake ganin yadda kake ƙara ja da fitila baya, kana zaton ban lura ba."

Akwai kwandon lemo a wurin, na ma'aikata. Ta cire safar hannunta, ta ɗauki ɗaya, ta kafa masa farcen babban yatsa ta ɓare. Ruwan ya zubo mata har wuyan hannu, ba ta goge ba. Ta ba Gil-su rabi, ta miƙo mini ɓari ɗaya. Ta ce ta manta rabon da ta ɓare lemo da kanta, mijinta ne ke ɓare mata, kuma bai iya ba, sai ya dame shi. Ta cinye, ta sa safar a jaka, ta shiga ta yi wa kowa sallama har da Manaja Seo, ta tafi tashar bas.

Washegari aka turo wata. Hannunta kyakkyawa ne, amma ba ta taɓa yi ba, murfi yana ta ƙwace mata. Gil-su ya koya mata yadda ake lanƙwasa yatsu, bai ɗaga murya ba. Aka gama, kamfani ya yaba.

Abin ya tsaya masa a rai. Bayan 'yan watanni, muna cin miyar ƙashin sa a wani shago kusa da sito, ya ce mini yana so ya yi gajeren fim a kan Madam Ok, ba don kowa ba. Zai ari kamara ranar hutu, ni in zo da fitila ɗaya. Na daɗe ban ga ya yi magana da sauri haka ba, har miyarsa ta huce. Na ce to. A nan ya kira ta, ya sa wayar a tsakaninmu.

Ta ji shi har ƙarshe, sannan ta yi dariya. Ta ce yanzu tana shagon ƙanwarta a Uijeongbu, suna haɗa kimchi na sayarwa, tun safe hannunta cikin gishiri da barkono. "In ka ga hannun yanzu, Darakta, sai ka yi kuka."

Ya ce, "Shi nake so in ɗauka."

Ta ce, "Ni kuma ba na so. Na gaji da a ce in tsaya, a ce in sake. Ku zo ku ci abinci in kuna so, amma ku bar kamara a gida. Kai ma ka je a duba maka kafaɗar nan."

Ya ce to, Madam. Ya kashe waya, ya ci gaba da shan miya. Bai sake ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Mun yi ta cewa za mu je Uijeongbu, aiki bai bari ba.

A hunturun da ya biyo baya aka yi masa aiki a kafaɗa. Likita ya ce ya daina ɗora mata nauyi, yanzu sai dai a kafa masa kamara a kan ƙafafunta. Manyan tallace-tallace sun ragu, yawancin abin da ake kiranmu yi gajerun bidiyo ne na waya, a yi guda da yawa a yini ɗaya. Matarsa ta ce ya huta haka, yara sun girma. Ya ce in ya zauna a gida me zai yi, shi ko kamun kifi bai iya ba.

Makon jiya tallar abincin kare muka yi. Aka kawo wani farin kare da mai kula da shi, aka ajiye kwano, na haɗa haske, komai ya yi daidai. Kare ya sunsuna abincin ya juya ya kwanta. Mai kula da shi ya ce a ba shi lokaci, yunwa za ta kama shi. Wakilin kamfani ya fita yin waya. Gil-su ya jawo akwati ya zauna kusa da kamara, ya jingina kansa da bango.

Ya ce mini, "In ya tashi ka tashe ni."

Na rage fitilu don kada ɗakin ya yi zafi, na zauna ina kallon karen.