Zomon Inna Modibbo

Cikin shekara talatin da ɗoriya da na yi ina aikin dabbobi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Talata da aka kira ni kan zomo. E, zomo. Ku yi dariyarku, ni ma sai da na yi. Kun sha tambayata dalilin da faifan nan mai huda a tsakiya yake rataye bayan teburina, har wani cikinku ya ce wai asiri ne. To yau da nake ajiye aiki ina miƙa muku makullan ofis, bari ku ji.

Lokacin ina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi a Wurno, wanda mutane ke kira malamin dabbobi. Ga wanda bai san tsarin ba, mu ne masu zagaya ƙauyuka kan babur, mu yi allurar rigakafi, mu ba da maganin tsutsar ciki, mu wanke gyambo. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu miƙa wa likita. Likitarmu a lokacin Dakta Hadiza ce, wadda na girme ta da kusan shekara ashirin. In faɗi gaskiya, kallon 'yar boko nake yi mata, wadda ba ta san warin garke ba.

Bazara ce, ana tsakiyar ɗibar albasa. Da hantsi wani malamin makaranta mai suna Malam Bello ya shigo ofis yana sosa ƙeya. Ya ce zomon mahaifiyarsa ne ya yi kwanaki yana tsakurar abinci, tun jiya kuwa ya daina ci gaba ɗaya, kashi ma ya ɗauke.

Na ce, "Zomo hwa kac ce, Malam? Ku yanke shi ku sha romo mana."

Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Wuƙa na nan na wasa, don kak ya zam mushe. Amma tun da yab bar ci, Inna ma ta bar ci. Ko kunu ba ta amsa. Ita nika jiye ma."

Nan dariyata ta tsaya, don na san mahaifiyarsa. Inna Modibbo ce, tsohuwar da ta shekara arba'in tana karantar da matan unguwarsu, har matata ta zauna gabanta. Shekara guda kafin nan ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Asibiti sun ce ta riƙa motsa hannun, ta ƙi. Sai da wata ɗalibarta ta kawo mata ɗan farin zomo aka aza mata bisa cinya, sannan yatsun suka fara motsi, don tana son ta shafa shi.

Na ɗauki jakata muka tafi. Aka yi mana iso har ɗakinta. Tana zaune kan gado an tokare ta da matasai, ga kwanon kunu a gefe ya yi sanyi. Na durƙusa na gaishe ta, na juya ga zomon. Yana takure ƙarƙashin gado, ido rabi a rufe, yana cizon haƙora. Na taɓa kunnuwansa na ji sanyi. Na sa abin sauraro a cikinsa, shiru kake ji. Cikin dabba mai cin ciyawa kuwa ba ya shiru sai da matsala.

Ni da na saba da awaki da kaji, hannuna ya tafi kai tsaye ga kafson nan mai ja da baƙi na kashe ƙwayoyin cuta. Har na ce a kawo ruwa a cokali. Abin da ya tsayar da ni ƙa'ida ce kawai: dabbar da ba ka taɓa yi wa magani ba, sai ka ji awo daga bakin likita. Na buga wa Dakta waya ina ƙunƙuni, tana can Marnona wurin rigakafin shanu.

Ban rufe baki ba ta katse ni. "Baba Garba, don Allah aje kafson ga! In kab ba shi, kai ka kashe shi." Ta ce cikin zomo cike yake da wasu ƙwayoyin halitta masu narka masa ciyawa, irin wannan magani kuwa su yake fara kashewa. Sannan ta ce, "Kak ka buɗe jakka tukuna. Duba shi tun daga kai har wutsiya, ka hwaɗa mani mi kag gani."

Kunya ta kama ni, gaban mutane kuma. Amma na duba. A wuyansa na ga gashi ya goge ya zagaye, har fata ta yi ja. Na ɗaga kai, sai ga faifai jingine da bango, an huda tsakiyarsa daidai wuyan zomo.

Na ce, "Malam Bello, wanga hwa na mi na?"

Ya ce kwana goma da suka wuce ya shigo gaishe da Inna bayan asuba, ya tarar da zomon ya lanƙwasa yana cin kashinsa. Hankalinsa ya tashi. Dabbar da ke cin ƙazanta, ta hau cinyar tsohuwar da ke salla a zaune da tufafin jikinta? Shi ne yake saƙala masa faifan tun magariba har hantsi don kada bakinsa ya kai. Ciyawa ma ya hana, ya ce ita ke sa kashi, ya mai da shi kan gero da dusa zalla.

Na ƙara muryar waya kowa ya ji. Dakta ta ce zomo kashi biyu yake yi. Akwai busasshe da muke sharewa, akwai mai laushi da yake fitarwa wajen asuba ya mayar ciki nan take. Wannan na biyun abincinsa ne, haka Allah Ya halicce shi. An hana shi, an hana shi ciyawa, ga firgicin faifai, dole ciki ya tsaya.

Malam Bello ya girgiza kai. "Dakta, na ji. Amma ba ni wasa da sallar Inna saboda zomo. In sai ya ci ƙazanta zai rayu, gara in yanke shi yanzu."

Sai muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal. Inna ce ke buga cokali a jikin kwano da hannun hagu, bakinta na rawa.

Malam Bello ya ce a hankali, "Kak ka damu, ciwon na. Kwana goma ke nan kullum haka takai."

Kwana goma. Abin ya tsaya mini a rai. Na matsa bakin gado na zauna a ƙasa, na ce, "Inna, magana kika son yi? Ina saurare, ba ni sauri."

Wallahi ta fi minti biyu tana kokawa da harshenta. Kalma ɗaya-ɗaya take fitowa.

"Ana... cin... zomo?"

Na ce, "Ana ci, Inna."

"Dabbad da... aka ci... kashinta... tsarki na." Ta huta, ta juya ido ga ɗanta. "Bello... ni... nik karantam ma."

Ban taɓa ganin babban mutum ya narke kamar yadda Malam Bello ya narke ba. Ya san hukuncin sarai, a gabanta ya koye shi yana yaro, tsoro ne ya rufe masa ido. Kwana goma tana ƙoƙarin gaya musu, su kuma suna gyara mata matashi suna ce mata sannu. Ya dafa ƙafarta yana hawaye yana cewa, "Ki gahwarce ni, Inna." Ni kaina sai da na juya ina laluben abin da ban ajiye ba cikin jaka.

Daga nan Dakta ta ja ni mataki-mataki. Ta sa na tabbatar cikin bai kumbura ya yi tauri kamar ganga ba, don in ya yi haka ba a ɗura. Ta faɗi awon allurar rage ciwo na yi masa. Aka jiƙa harawar wake aka daka ta yi laushi, na riƙa ba shi da sirinji marar allura ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, da ruwa mai ɗumi. Na koya wa Malam Bello yadda zai murza masa ciki da yatsu biyu, da yadda zai sa shi ya ɗan taka a tsakar gida in rana ta yi sanyi. Na kuma ja kunnen mutanen gidan kada wanda ya jefa masa lawashi don yana da arha, ganyen albasa guba ne ga zomo. Wannan ma a bakin Dakta na ji shi ranar, amma na faɗe shi kamar da shi aka haife ni.

Washegari na koma sau biyu, ba labari. Zomo na haɗiye abin da aka ɗura masa, kashi shiru, Inna kuma cokali biyu kawai ta karɓa. Na ga Malam Bello na satar kallon inda ya aje wuƙa, na yi kamar ban gani ba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na yi sallama, na tarar da zomon bisa cinyarta yana jan ganyen harawa da kansa. Ta yi mini alama in matso. Ta buɗe hannun dama, hannun nan da ya mutu, a hankali har yatsun suka miƙe. A tafinta ga 'yan ƙwayoyin kashi guda huɗu, ƙanana kamar dawa. Da kanta ta tsince su daga zanenta.

Ta ce, "Kunu."

Ai Malam Bello da gudu ya fita, har ya bar takalmi ɗaya a ƙofa. Ta shanye kwanon nan tas. Sannan ta ɗaga hannun ta yi mini addu'a, rabinta ban ji ba, amma na shafa, kuma har yau ina ganin albarkarta a gidana. Ta ƙara shekara biyu a duniya, zomonta na bisa cinyarta. Allah Ya jiƙan ta.

Da Dakta ta dawo na same ta a ofis, na cire hula na ce na gode. Ta yi dariya ta ce, "Baba Garba, kai ma ka koya mani kamun bijimi mu yi canjaras." Tun ranar ban sake kiran ta 'yar boko ba, ko a zuci.

Faifan kuwa ni na roƙe shi. Kun ga, a gidan nan ba mugu ko ɗaya. Ɗa ya kusa kashe zomo don son uwarsa, ni na kusa ƙarasa shi don na saba da awaki. Abin da ya cece shi mata biyu ne da muka raina, ɗaya don ƙuruciya, ɗaya don ciwo. Saboda haka in an kira ku, ko kan kaza ce, ku duba dabba kafin ku buɗe jaka, ku tambayi na sama da ku ko da kun haife shi. Sannan ku nemi mai dabbar na ainihi ku zauna ku ji ta bakinsa, ko zai yi minti biyu kafin kalma ɗaya ta fito.

Ga makullai nan. Faifan ku bar shi inda yake.