Rigar 'yata a cikin buhun wanki

Ni mai wanki da guga ne a unguwar Kpakungu. Ban yi boko ba. Matata ta rasu ta bar mini yarinya ɗaya, da dutsen guga nake ciyar da ita.

Tana aji uku korona ta zo aka rufe makarantu. 'Ya'yan masu hali suna karatu a waya, ita tana miƙo mini gawayi. Da aka buɗe, sai aka tura su gaba kamar ba abin da ya faru. Ta kai aji biyar ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin sabulu ba. Ni ban iya ba, amma ni ba wanda ya taɓa yi mini alkawari.

A rediyo na ji gwamnati ta ware kuɗi don darasin yamma, saboda yaran talakawa da aka bari a baya. Na je na sami hedimasta. Ya ce, "Baba mai wanki, ai irin 'yarka aka yi abin dominsu." Darasin kuwa, malami zai cika allo da rubutu ya ce su kwafa, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ta kan dawo da littafi cike, in na ce karanta mini sai ta sunkuyar da kai.

Wata Talata ta dawo da kayan gida a jikinta. Ta ce an karɓi rigunansu na makaranta za a gwada a ɗinka musu sababbi, kuma an ba su hutu ranar Alhamis. Na ji daɗi.

Da la'asar wani malaminsu ya sauke buhu a gaban rumfata. Ya ce a wanke a goge kafin Alhamis, a sa sitaci sosai. Ina zazzage buhun na ga rigarta. Akwai tabon ƙuna a gefen aljihu, ni na yi shi da garwashi tun tana aji uku.

Na ce, "Malam, rigar da za a kai wa tela me ya haɗa ta da sitaci?"

Ya yi dariya. "Kai Baba, ka cika bincike. Baƙi za su zo daga ofis su ga yadda darasi ya yi amfani. Za mu aro yara daga makarantar kuɗi su zauna na yini ɗaya. Ka san namu, sai su kunyata mu."

"To su namu fa?"

"Su huta. Wa ya ƙi hutu?"

Na wanke su duka, na goge, don aikina ne. Tata na ware.

Ranar Alhamis da safe na ce ta sa. Ta ce, "Baba, an ce kada mu zo." Na ce ni ba a faɗa mini ba. Na riƙe hannunta har ƙofar aji. Ajin cike yake da yara masu ƙiba da takalma masu sheƙi, cikin rigunan da na goge da hannuna. Wata ma hannun rigar ya matse mata damtse.

Hedimasta ya tare ni yana murmushin dole. "Baba, ka rufa mana asiri. In suka ga ba ci gaba, za su janye kuɗin, kowa ya yi asara."

Na ce, "Ita me ta samu da za ta rasa?"

Motar baƙi ta riga ta shigo, ba halin ja-in-ja. Na zaunar da ita a bencin gaba, na tsaya a taga.

Wata mata ce daga cikin baƙin ta shiga da littafi. Duk wanda ta nuna sai ya zuba karatu kamar mai labaran rediyo. Ta zo kan 'yata. Yarinya ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta kasa karanta ko kalma ɗaya. Yaran aro suka fara ƙunshe dariya.

Daga taga na ce, "Hajiya, ita kaɗai ce 'yar ajin nan. Sauran riga ce kawai tasu."

Matar ta dube ni, ta dubi hedimasta. Ta ce za a duba. Suka shiga ofis, aka kai musu shinkafa da lemo. Har yau ana dubawa. Darasin yamma kuwa daga wannan zangon ba a sake yin sa ba, aka ce ni na jawo. Makarantar ta daina kawo mini wanki. Wasu iyayen suka daina amsa gaisuwata, su da aka tuɓe wa 'ya'yansu riga.

A hanyar gida ba ta yi kuka ba. Sai da muka kusa rumfa ta ce, "Baba, wadda ta sa rigar ƙawata ko tsayawa ba ta yi. Ni ma ina so in iya haka."

Akwai wani tsohon malami mutumin Bida a layinmu, ya yi ritaya. Na je na ce zan riƙa wanke masa kaya da na iyalinsa kyauta, shi kuma ya zaunar da ita bayan la'asar. Ya ce kayan gidansa da yawa fa. Na ce a kawo.

Yanzu tana karanta kwalin sabulu, a hankali, da yatsa. Ba kuɗin gwamnati ko sisi a ciki. Wankin zannuwan gadon tsohon ne ya biya, da ƙashin bayana.