Baba Yaɓe a Kufai

Duk unguwar babu wanda bai san Baba Yaɓe ba, kuma babu mai fatan ya kawo masa ziyara. Magini ne tun yana saurayi, har gemu ya yi fari. Cutarsa ɗaya ce, ba ya iya ganin tsaga a bango ya wuce. Ka gayyace shi cin abinci, kafin a kawo ruwan wanke hannu ya ƙwanƙwasa maka bangon falo, ya sanar da kai cewa wanda ya yi ginin nan ba ya tsoron Allah. Ko dubiya ya je asibiti, sai ya bar mara lafiya ya koma duba silin. Cokalin gininsa kullum yana aljihu, har aljihun ya huje, matarsa ta gaji da ɗinki ta zuba masa ido. Ita kuwa baiwar Allah, ɗakinta yoyo yake tun daminar bara waccan.

Sai dai aiki ya ja baya. Masu kuɗi sun koma wa matasa masu hular kwano da waya a kunne. Abin da ya fi ci masa rai, wanda ya ƙwace masa kasuwa yaronsa ne na da, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar masa daro yana shan ranƙwashi. Yanzu ya ajiye tumbi, ana kiransa Injiniya, alhali ko ƙofar makarantar bai taɓa leƙawa ba. Har gobe in sun haɗu sai ya rusuna ya ce maigida.

Ana haka Shugaban ƙungiyar unguwa, mai sayar da taya, ya sayi fili zai ɗora bene. Baba Yaɓe ya san in wannan aikin ya wuce shi, to sai dai ya rataye cokali. Shi ya sa da ƙungiya ta shirya yawon buɗe ido na yini guda zuwa kufan wani tsohon gari, mutumin da ko tasha ba ya zuwa shi ya fara shiga bas, ya kama kujerar kusa da Shugaba. Injiniya yana can baya, ya yi lamo.

Da suka isa, ɗan jagora ya tara su a ƙofar tsohon ɗakin ibada, wanda rufinsa ya daɗe da zubewa, ya shiga bayani. Baba Yaɓe bai ji ko kalma ɗaya ba. Yana can gefe riƙe da hannun Shugaba, yana nuna masa yadda kusurwa ta karkace, yana cewa mutanen zamanin da ko igiyar awo ba su iya ja ba, in shi ne aka ba aikin da yanzu rufin yana nan. Shugaba dai sai gyaɗa kai yake yana neman hanyar kuɓuta.

A nan idonsa ya faɗa kan wani rami a jikin bangon ƙofar, daidai ƙirjin mutum, ya lotsa ya yi sumul har yana ƙyalli. Da ya saurari ɗan jagora, da ya ji cewa hannuwan masu ibada ne suka ci wurin, kowa ya zo shiga sai ya dafa, tun kakannin kakanni, kuma saboda ramin nan mutane ke tahowa daga nesa. Shi abin da ya gani sakaci ne kawai, da kuma damar nuna wa Shugaba cewa hannunsa bai mutu ba.

Da jama'a suka koma inuwa cin abincin rana, ya zagaya bayan katanga inda ake gina wa baƙi banɗaki. Ga yashi, ga bokiti, ga ragowar buhun siminti, leburori sun tafi hutu. Ruwa ne kawai babu. Yana waige-waige sai ga Injiniya. Wannan kuwa a gaba ya tsaya lokacin bayani, babu abin da ya wuce masa. Ya dubi cokalin, ya dubi ramin, ya ce, “Maigida, kawo bokitin in ɗebo maka.”

Har daɗi ya kama Baba Yaɓe, ya ce a ransa ashe yaron yana da sauran tarbiyya. Ya kwaɓa, ya cike ramin, ya shafe shi tas. Gaskiya aiki ya yi kyau, ko ƙuda ya sauka sai ya zame. Sannan ya je da kansa ya taso Shugaba daga kan abinci, ya ce ya zo ya ga bambancin magini da mai hula.

Tare da ɗan jagora suka iso. Ɗan jagora ya ɗora hannu a ka, mai gadin wurin kuwa ya hau faɗa da muryar da ta tara kowa da kowa. Aka yi maganar ’yan sanda. Shugaba ya yi ta ba da haƙuri, gumi na zuba, yana rantsuwa cewa tsufa ne. Allah ya taimaka simintin bai kama ba. Aka karɓe cokalin don kada ya ƙara ɓarna, aka ba Baba Yaɓe soso da ruwa, ya tsaya gaban mata da yara yana wanke aikin hannunsa, wasu na ɗaukarsa a waya. Garin neman gira ya rasa ido, kuma kunyar ranar ta fi masa zafin rana ciwo.

A hanyar dawowa kujerar kusa da Shugaba ta samu sabon mai ita, wato Injiniya. Baba Yaɓe yana baya, yana jin ana maganar ranar da za a zo auna fili. Da aka sauka, Injiniya ya biyo shi, ya rusuna kamar kullum.

“Maigida, kada ka damu, ba zan bar ka haka ba. Ina neman mai kwaɓa siminti.”

Baba Yaɓe ya buɗe baki zai tsine masa, sai ya tuna babu komai a gida.

Ya ce, “Ƙarfe nawa ake fitowa?”