Kawu Stamen da Unguwar Bakwaini

Da yammacin Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, matarka Velichka ta kira ni ta ce an same ka kwance a gindin inabinka, almakashi a hannu. Zuciya ce, in ji likita. Shekararka sittin da huɗu. Kashegari na tarar da takardar rasuwarka manne a ƙofar asibiti, da hoton nan da ka murtuke fuska. Kawu Stamen, ba zan yi maka ƙarya ba, tsoro ne ya riga baƙin ciki zuwa. Na tsaya gaban takardar ina tambayar kaina, yanzu wa zai taɓa unguwar bakwaini?

Ga wanda bai san shi ba, Stamen Drenkov ne ya shekara ashirin da biyu yana kula da wayoyin da suka haɗa kwamfutoci da na'urorin asibitin garinmu na bakin kogin Danube. Ni kuwa Ralitsa ce, tsohuwar mai haɗa kiran tarho. Da aka rufe ofishinmu sai aka jefa ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa, ina da shekara arba'in da ɗaya, ban san ko alif a aikin ba.

Ranar farko ka ture littafin da na zo da shi, ka ajiye farantin banitsa, gasasshiyar wainar ƙasarmu, mai zafi, cuku na ta ƙamshi, ka miƙo mini wuƙa.

"Rali, wannan gari ne mai gida ɗari biyu da hamsin da shida. Kowace na'ura gida ce, kowane gida da lambarsa. Raba biyu."

Na raba. Ka sa na yi ta rabawa, sittin da huɗu, talatin da biyu, har sha shida.

"Kowane yanki unguwa ce. Lambar farko sunan unguwar ce, ta ƙarshe ta mai shela ce, ba a ba kowa su. To unguwar sha shida, na'ura nawa za ta ɗauka?"

Na ce sha shida. Ka ɗauke rabona ka cinye ina kallo. Tun daga ranar ban sake manta sha huɗu ba.

A shekarata ta biyu na yi kuskuren da har yau yake hana ni sakat. An kawo firinta ɗakin bakwaini, na ba ta lamba sittin da shida ba tare da na duba baƙin littafinka ba. Ashe lambar babban allon da ke nuna bugun zuciyar jarirai ce. Gida ɗaya, masu shi biyu. Allon ya ɗauke. Sista Donka, shugabar ɗakin, ta bugo waya tana ihu: "Ke Ralitsa! Yara takwas ne a kwalba kuma ba na ganin ko ɗaya! Me kuka yi a ramin naku?" Ni na tsaya riƙe da wayar. Kai ka hau bene uku a guje, da tumbinka da komai, ka fizge wayar firintar. Minti huɗu ke nan, masu jinya suna ta gudu daga kwalba zuwa kwalba. Allah ya tsare, ba wanda ya rasu. Ba ka yi mini faɗa ba, a gaban shugaban asibiti ma ka ce laifin ofishinka ne. Amma ni na rantse ba zan ƙara taɓa wannan unguwa ba, kai kuma ba ka matsa mini ba.

Shekara uku da suka wuce ka fara kukan ido. Kullum sai ka ce, "Rali, idon nan ya tsufa, taimaki Kawunki." Ni ke lissafi, ni ke rubutawa a littafi, ni ke bugawa, kai kana bayana kana ɓare soyayyun 'ya'yan furen rana kana ci kana cewa "uhm". Na sha yi maka tsiya cewa rowa ce ta hana ka sayen tabarau.

To ga inda muke yau. Unguwar bakwaini ta kusa cika, saura lamba ɗaya. An kawo sababbin na'urori takwas, kuma gobe Litinin da ƙarfe tara za a haɗa su, don jarirai goma sha ɗayan da ke ɗakin sun fi na'urorin duba su yawa. Dole a faɗaɗa unguwar daga sha shida zuwa talatin da biyu, a bi kowace na'ura a canja mata iyaka, alhali akwai ɗan mutum kwance a ƙarƙashinta wanda bai kai tafin hannuna biyu ba. Masu kamfanin da ya kawo na'urorin, can Sofia babban birni, sun ce ba za su iya zuwa ba sai wata mai zuwa. Ba kowa sai ni. Wallahi tun Laraba da na rufe ido sai in ga allon nan baƙi ƙirin.

A maƙabarta, Velichka na raba dafaffiyar alkama mai sukari ta sadakar mamaci, na riƙe hannunta na ce, "Inna, ki yafe mini, ko sau ɗaya ban raka shi wurin likitan ido ba."

Ta kalle ni, hawaye na zuba, sai ga ta tana dariya.

"Wane ido, 'yar nan? Mutumin da ke zura mini zare a allura? Cewa ya yi in ya ce ki koya guduwa za ki yi, in ya ce ki taimake shi za ki zauna."

Daga nan ban je gida ba, ɗakinmu na sauka na buɗe littafin. Shekara uku cur rubutuna ne, ba inda ka gyara. Can tsakiya na ga lissafin da ka sa ni yi bara, daga sittin da huɗu zuwa casa'in da biyar, wanda ka ce na ɗakin wanki ne. Ka soke "wanki", ka rubuta "bakwaini" da ƙananan haruffa, tsaf-tsaf, irin na mai lafiyar ido. Ashe na riga na yi aikin gobe ban sani ba. Kai Kawu, ka iya yaudara!

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, har da wannan ƙaryar ta ido. Ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi, ya ba ka masauki mai haske. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Velichka, da 'yarku Bilyana, da jikokinku biyu, da dukan ma'aikatan asibitinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Tsoron bai tafi ba, Kawu. Amma gobe zan hau benen nan uku da littafinka a hammata. Wanda duk ya karanta wannan, in ya gama yi maka addu'a, ya tuna da ni da jarirai goma sha ɗaya da ƙarfe tara na safe.