Baftismar Baba a Ramin Lambuna

Shekarun baya, tun gidaje ba su cinye gonakin Tirwun ba, ina da ɗan lambu a bakin rafi. Da rani rafin kan ƙafe, sai ramin da na haƙa a cikin yashi, wanda ruwansa ke kai wa mutum ƙirji. Da shi nake ban ruwan tumatir da alayyahu.

Wata rana da hantsi abokina, wani Kirista maƙwabcina, ya same ni ina jan ruwa. Ya yi ta yabon tumatir ɗina har na gane da magana a bakinsa.

Na ce, "Mutumina, faɗi abin da ya kawo ka. Tumatir ɗin nan bai kai wannan yabo ba."

Ya yi dariya, ya ce zancen mahaifinsa ne, wanda muke kira Baba. Tsohon ya yi rayuwarsa a addinin gargajiya, sai da girma ya kama shi ya karɓi addinin ɗansa, yana kuma son a yi masa baftisma kafin ya bar duniya. A cocinsu nutsar da mutum ake yi gaba ɗaya a ruwa, jikinsa kuwa ba zai jure jijjigar keke zuwa madatsar ruwan Gubi ba. Ramina kaɗai ke da ruwa a kusa.

Na ce zan yi shawara. Ni a lokacin na ɗauka baftisma kamar wankin riga ce, datti ya fita ya zauna a ruwa. Da na gaya wa mahaifiyata, sai ta ƙara min tsoro.

"Zunubin shekara da shekaru za ka kwasa ka zuba wa alayyahun da za mu ci? Kai dai tun kana yaro ba ka da wayo."

Na tafi gaida tsohon da niyyar ba shi haƙuri. Na tarar da shi kwance a tabarma, duk ya ƙare sai idanu. Na kwashe maganar Inna na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗana, gaya wa Innarka ba abin da zan bar muku a ruwa. Fasto ya ce tun da can Yahudawa kan nutse don tsarki kafin su shiga wurin ibada, Annabi Yahaya kuma ya yi wa masu tuba baftisma a Kogin Urdun. A wurinmu binnewa ce. In na nutse an binne tsohon mutum tare da Almasihu, in na ɗago sabo ne ya tashi. Allah ke yafewa, ruwa shaida ne." Sannan ya ƙara da cewa, "So nake in leƙa kabari da raina, don kada in ji tsoronsa in ya zo."

Na tuna wankan da mai shiga Musulunci kan yi, ban taɓa jin an ce ruwansa ya ɓaci ba. Na ce su zo.

Da safe suka kawo shi, ruwan na kwance luf, gajimare a cikinsa kamar wata sama ce a ƙasa. Mata na waƙa a hankali. Fasto da abokina suka shiga da shi, amma ƙasan ramin da santsi, na ga ƙafar tsohon na neman gocewa. Ban san lokacin da na faɗa ciki da wandona na tallafe bayansa ba.

Suka kwantar da shi cikin ruwan. Waƙar ta yi min nisa. Farar rigarsa ta buɗe a ruwa, fuskarsa ta natsu, nauyinsa kuma ya ɓace daga hannuna ɗungum. Sai ya ɗago yana jan numfashi kamar jariri, yana murmushi, yana rawar sanyi.

Can na ji muryar Inna daga bakin rafi, riƙe da bargonta.

"Ku rufe shi mana! Kun tsaya waƙa, sanyi zai kashe bawan Allah."

Kafin ruwan farko na damina ya sauka Baba ya rasu. Abokina ya ce har ƙarshe bai nuna tsoro ba, shi ne ma ke rarrashinsu.

Ni Musulmi ne, a haka nake fatan cikawa. Amma tun ranar na daina yanke hukunci a kan ibadar mutum kafin in zauna in ji ta bakinsa. Yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci ina iya rubuta abubuwa da dama, sai dai har yau ban sami kalmar da zan kira abin da hannuwana suka ji a ramin nan ba: ina riƙe da mutum, amma ba ni ke ɗauke da shi ba.