Mma Azeta da Jaririn Roba

Sunana Masahudu, ni ne akawun wani ƙaramin asibitin haihuwa a Lamashegu. Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da littattafan wurin, kuma babu sunan da na fi rubutawa kamar na Azeta Saani. A Zogbeli aka haife ta. Tun tana budurwa take bin gwaggonta karɓar haihuwa gida-gida, daga baya ta shiga makarantar ungozomomi. A asibitin nan na same ta. Mijinta tela ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, ita kaɗai ta raine su. Kullum ƙarfe bakwai saura take kafe tsohon babur ɗinta a gindin darbejiya. Mma Azeta kowa ke ce mata, har likita.

A watan Maris na 2023 shugabar asibitin ta kafa doka. Duk ungozomar da za ta zauna a ɗakin haihuwa sai ta ci gwajin farfaɗo da jaririn da ya fito ba ya numfashi. Sau uku ake ba mutum dama. Wadda ta faɗi duka ukun, a mayar da ita baranda wajen awon yara. Da jaririn roba ake gwajin, ana cika shi da ruwan ɗumi har ya yi nauyin ɗan mutum. A tsane masa jiki, a kifa masa 'yar roba a kan hanci da baki, a matsa jakar iska. In iskar ta shiga, ƙirjinsa zai ɗaga, kuma cikin minti ɗaya ake son ganin haka. Mai koyarwa Barikisu ce, ungozoma 'yar shekara talatin da ɗaya. Ni aka ba agogo da takardar maki.

Mma Azeta ta faɗi ran 7 ga wata, ta sake faɗuwa ran 14. Duka biyun abu ɗaya na rubuta: ta fi kowa saurin tsane jiki, amma iska ba ta shiga ba.

"Abin naku ne ya lalace," in ji ta. "Masahudu, rubuta an ba ni jariri mai mura."

Barikisu ta ce, "Mma, yanzu ƙaramar ungozomarmu Humu ta matsa masa, ƙirjin ya ɗaga."

"Humun da ni na yanke wa cibiya?"

"Ai cibiyar ta warke, Mma. Ke dai ki bar ƙirjin a buɗe."

"A buɗe yake! Makauniya ce ni?"

Barikisu ba ta ja da ita ba. Washegari da safe ta kira mu, mu uku kawai, ta jingina wayarta da kwalbar magani tana ɗaukar bidiyo, ta ce Mma ta yi yadda ta saba. Da aka gama ta miƙa mata wayar, ta ce, "Faɗa mini abin da kika gani."

Da fari ɗankwalinta ta kushe, wai ya karkace. Sai ta ƙura wa wayar ido. Ta ce a mayar baya. A bidiyon, tana gama tsane jaririn hannunta na hagu ya jawo zani ya naɗe shi har wuya. Haka gwaggonta ta koya mata: jaririn da bai yi kuka ba ba a barinsa a fili, don kada sanyi ya shige shi, kada kuma uwar ta gani ta firgita. Tana matsa jakar tana addu'a, idonta a kan fuskarsa. Kansa ya sunkuya, iskar tana zurarewa ta gefe, ga ƙirji a rufe, babu abin da zai nuna mata.

"Wannan hannuna ne?"

"Naki ne, Mma, ga zobenki."

Ta ajiye wayar. "To ji nan, 'yata. Ni ba zan bar jariri tsirara ba."

"Ba wanda ya ce ki bari. Rufe kai, rufe ƙafa. Ƙirjin kawai muke so."

Mma Azeta ta zo da tsohon zaninta daga gida, ta tsaga shi biyu, rabi na kai, rabi daga cibiya zuwa ƙasa. Kwana biyar tana yi kafin a buɗe ƙofar asibiti. Sau arba'in da ɗaya na ƙirga. A tara daga ciki hannun ya koma halinsa, ita da kanta ta riƙa dukansa tana cewa, "Kai, tsohon banza!"

Ran 21, ana dab da azumi, aka yi gwaji na uku a gaban shugaba. Na danna agogo. Ta tsane, ta rufe kai da ƙafa, ta kifa robar, ta matsa. Ƙirjin bai motsa ba.

"Bai ɗaga ba," ta faɗa da ƙarfi, kowa ya ji.

Ta ɗaga haɓar jaririn kaɗan, ta gyara zaman robar, ta sake matsawa. Ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Daƙiƙa arba'in da takwas.

Ba ta daina matsawa ba sai da Barikisu ta ce ya isa. Sannan ta juyo ta dube ni. "Akawu, da biro za ka rubuta, ban da fensir."

Da biro na rubuta. Jadawalin aikin Afrilu ma ni na buga shi: Azeta Saani, ɗakin haihuwa, Litinin da safe.