Yaya Dije ta rasu a hanyar Katsina

Na Allah ne mu, kuma wurinshi za mu koma. Ranar Laraba, sha takwas ga watan goma, 2023, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran yayata Hajiya Dije, wadda ke aure a Maraɗi. Ba a gidanta ta cika ba, ba kuma a gidan ubanta nan Ƙofar Ƙaura ba. A kan hanya ta cika, tana ƙoƙarin zuwa wurina.

Yaya Dije, ni ban iya rubutu irin na masu boko ba, yadda ya zo mani haka zan faɗa.

Ke kika riƙe mu da Inna ta rasu, ni da autanmu Habibu. Kin soya awara a ƙofar gida shekara da shekaru, hayaƙi ya cinye maki ido, don dai Habibu ya yi karatu. Ni kika cire daga aji huɗu, kika ce in yi haƙuri, namijin za a tura. Na yi haƙurin. Haihuwata shida, duk ke kika yi mani wankan jego. Ki shigo mota daga Maraɗi da safe, kafin azahar kina tsakar gidana kina faɗan ruwan bai tafasa ba. Da na haifi Fiddausi kau wata biyu kika yi, har maigidanki ya aiko yana tambaya ko Katsina ta ƙwace mashi mata.

Sai ciwon suga ya kama ki. Allurarki sai a firij take zama. Da sojoji suka karɓe mulki a can, namu suka rufe boda, suka yanke masu wuta. Firij ya zama akwati. Allura ta lalace, wata ta yi wuyar samu, ƙafa ta fara ruɓa.

Na kira Habibu. Yanzu babba ne a Abuja, cikin masu zama su ba da shawara kan yadda za a yi da ƙasashen waje. Na ce mashi Yaya fa ba lafiya, ka san wanda za ka yi wa magana a bar ta ta wuce. Ya ce, "Maman Fiddausi, ƙasa ba da tausayi ake tafiyar da ita ba, abin da zai amfane ta take dubawa. In aka ƙyale waɗannan, gobe mu ne. Kuma matsin nan dole sai ya yi zafi kafin ya yi aiki. Ta ƙara haƙuri sati biyu."

Na ce zafin a jikin wa? Ya ce yana da mitin.

Wata biyu da rabi kika yi haƙuri, Yaya. Ni ban ji an ce wani soja ya kwana cikin duhu ba. Da ƙafar ta fara wari, ɗanki Gwadabe ya ɗaure ki da zane a bayanshi kan mashin, suka bi ta daji. Ba ku kai Jibiya ba. Wani ƙauye kika faɗo, nan kika cika, cikin mutanen da ba su san ki ba. Matansu suka yi maki wanka, wata tsohuwa ta ba da likkafanin da ta ajiye wa kanta. Gwadabe ya ce babu wanda ya tambaye shi ku ƴan wace ƙasa ne.

Allah ya jiƙan ki Yaya, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya haskaka makwancinki. Tsohuwar nan Allah ya suturta ta duniya da lahira. Ina yi wa maigidanki da ƴaƴanki Gwadabe da Jamila gaisuwa, Allah ya ba mu dangana.

Kai kuma Habibu, na ga abin da ka rubuta a Fesbuk, wai ka yi rashin uwa. Mutum ɗari ukku sun yi maka gaisuwa. Buhun shinkafar da ka aiko na sadakar bakwai yana nan a zaure, ban taɓa ba, ka turo a ɗauka. Sau huɗu kana kirana kana kuka, wai in faɗa maka sunan ƙauyen ka je ka ga kabarinta. Na san sunan. Na hana Gwadabe ya faɗa maka. Abin da zan ce maka kawai, yana ta wancan ɓangaren, kuma boda a rufe take. Ka ƙara haƙuri sati biyu.